Wanda Igiya Ta Bari a Waje

Da sunan Allah wanda ya halicce mu daga ƙasa, kuma cikinta zai mayar da mu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu da alayensa.

Duk wanda ya taɓa raka ni ziyara Tungar Gawayi a cikinku ya ga katangar makabarta. Ta taho a miƙe tun daga gindin dutse, sai da ta kusa bakin gona ta karkace, ta fita waje kamar gwiwar hannu, ta zagaye wani ɗan fili, sannan ta koma kan hanyarta. Na ji abin da ake faɗa a kanta. Wasu sun ce magini ne bai iya aikinsa ba. Wasu kuma, har da matanku, sun ce kakarku ce ta taɓu a ƙarshen rayuwarta, ta je ta zauna a gaban leburori ta ƙi tashi, aka zagaye ta don a rabu lafiya. Maginin nan ɗan Yaman ne, gwani, ba ya aza dutse sai ya auna. Kakarku kuwa har ta koma ga Allah hankalinta ya fi nawa. Na daɗe ina jin maganar ina yin shiru saboda tana da nauyi a bakina. Yanzu ƙafa ta yi sanyi, ido ya fara gajiya, kuma idan na tafi da ita babu wanda ya rage da zai gyara muku.

A yawancin garuruwa gida ke riga kabari. Mutane su sauka, su kafa bukkoki, su hayayyafa, sannan wata rana mutuwa ta yi sallama, a nemi inda za a kai mamaci. A Tunga kabari ne ya riga gida, amma ni ban san haka ba sai da na haura shekara talatin. Abin da na tashi na sani shi ne Malam mahaifina da Inna sun baro ƙasar Katsina da ƙafa, suka yi shekaru a hanya, su yi noma a nan, su yi ƙodago a can, ta Barno, ta Wadai, ta Sudan, har suka haye teku a jirgin katako suka sauka kudu da Jidda. Suka sauke farali ba su koma gida ba. Maimakon su zauna cikin Makka kamar sauran Takaru, wato mutanenmu da suka zo Hajji suka zauna, inda ga ruwa ga kasuwa ga Harami, sai suka fito wannan kwari mai duwatsu, tafiyar yini guda a jaki. Malam ya roƙi mai ƙasar, wani dattijon Balarabe da ake kira Shaihu Ubaidu, ya bar shi ya kafa bukka, yana yi masa aikin gona yana kuma ƙona gawayi. A bukkar nan aka haife ni.

A hankali mutane suka riƙa zuwa. Wanda guzuri ya ƙare masa, wanda ba shi da takardar zama yana tsoron cikin gari, wanda kawai ya fi son ya ji ƙasa a ƙarƙashin fartanyarsa. Kanawa, Zabarmawa, Barebari, ’yan Haɗeja. Aka yi masallaci na kirare, aka yi shukar kuɓewa da lalle da kankana, jakuna suka riƙa shiga Makka da buhunan gawayi. Da aka yi rasuwar farko da mutane suka sani, wata tsohuwa Bazabarma, Malam ya hau gangaren dutse ya nuna wuri, Shaihu Ubaidu ya ce ya ba Allah. Yadda ake yi a gida haka muke yi. A haƙa babban rami, a haƙa ƙarami a cikinsa daidai kafaɗar mutum, a jera itace, a toshe da taɓo, a tura ƙasa, a yayyafa ruwa. Ba ma sa alama sai dutse guda wajen kai. Shekarar da ƙyanda ta shigo, gangaren nan ya cika da ƙananan duwatsu.

Ba zan ɓoye muku ba, ba kowa ke alfahari da makabartar nan ba. Mutum ya taka ƙasa shekara da shekaru don ya kwanta a makabartar Ma’ala cikin bayin Allah na farko, sai ga shi a gangaren da awaki ke kiwo. Mai takarda da ɗan hali yakan ɗauki mota a kai gawarsa cikin gari. Marar takarda kuwa sai Tunga. Har ta kai idan aka tambayi wani a unguwar Hindawiyya ta cikin gari ina aka binne ubansa, sai ya ce, a nan Makka, ya kawar da kai. Malam yana da takarda, yana da almajiran da za su ɗauke shi a kafaɗa har Harami. Amma da ciwon ajali ya kama shi sai ya ce a bar shi a Tunga, kuma a sa shi can ƙasa, a ƙarshen makabarta ta wajen kwari, inda babu mai so saboda tsakuwa. Muka ɗauka tawali’u ne irin nasa.

Akwai abin da sai na yi muku bayaninsa, ku da kuka tashi a Hindawiyya kuna kiran ’ya’yanku gatsal a gaban kowa, har kuna ɗora su a wuya. A wurinmu mutum ba ya faɗin sunan ɗansa na fari. Ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa, idan ya yi ciwo ba ya nuna damuwa, idan ya mutu ba ya kuka a ga hawayensa. Ba ƙi ba ne. Kunya ce, kuma da ita ake gane ɗan mutunci. Duk Bahaushen da ya ji Inna tana cewa, Haruna zo, Haruna tafi, ya san ba ni ne na farinta ba. Ni ma na san haka tun ina ƙarami, kamar yadda mutum ya san akwai rijiya a bayan gida ko bai leƙa ba. Amma ban taɓa tambaya ba, don ba tambayar da ɗa ke yi wa uwa ba ce. Da Allah ya ba ni nawa na fari, wato kai Babba, Malam ne ya yi maka huɗuba ya raɗa maka suna, ni ina can bayan masallaci na ɓuya. Tun daga ranar ban taɓa kiranka da shi ba. Inna kuwa Angona take ce maka, irin wasan kaka da jika.

Abin ya faru cikin shekarun alif da ɗari uku da tamanin na Hijira, bayan rasuwar Malam da ’yan shekaru. Shaihu Ubaidu ma ya rasu, ƙasa ta koma hannun ɗansa Abdurrahim. Tare muka tashi da shi, tare muka kori awaki, a bakinsa na koyi Larabci. A lokacin ina ji da kaina. Idan aikin Hajji ya zo nakan tafi Mina in yi wa alhazai jagora da tafinta, in dawo da farar jallabiya da agogo, har na fara neman ɗaki a cikin gari. Abdurrahim ya kawo injin ban ruwa da tarakta, yana so ya faɗaɗa gona har gindin dutse. Mutum ne mai tsoron Allah. Ya tara mu ya ce kafin tarakta ta taɓa ƙasa zai kewaye makabarta da katanga, sadaka ga mahaifinsa. Kowa ya yi murna, don karnuka da awaki sun dame mu. Muka bi duwatsun kai ɗaya bayan ɗaya, aka kafa turaku, aka ja igiya. Kabarin Malam shi ne na ƙarshe a ciki. Abin da ke wajen igiya ya zama gona.

Mahaifiyarku ce ta fara lura. Ta same ni ina gyaran mangalar jaki, ta tsaya nesa kaɗan.

“Ka kula da Inna kuwa? Tun da aka ja igiyar nan ba ta ci abin kirki ba.”

Na ce ko zafi ne.

“Zafin bara bai hana ta ci ba. Kuma ka san kututturen nan na ƙasa da makabarta? Tun da aka kawo ni gidan nan, duk ranar da ta je ɗebo ruwa sai ta bi ta wajen, ta ɗan karkata tulu kamar ya fi ƙarfinta. Da ina tsammani tsufa ne. Amma a wurin kaɗai yake fin ƙarfinta.”

Bayan la’asar na tarar da Inna a inuwar bukka tana yanka kuɓewa za ta shanya. Na gaishe ta na zauna. Muka yi maganar awaki, muka yi maganar tsadar gero, na rasa ta inda zan shiga. Ita ce ta shiga, idonta a kan wuƙa.

“Haruna, igiyar nan taku ta bar mutum a waje.”

Na ce, “Wane ne, Inna? Duk mun bi duwatsun.”

“Shi ba shi da dutse.”

Ta yanka kuɓewa ta yanka, sannan ta ce, “Wanda ya riga ka shan nono.”

Yadda ta ba ni labarin, sai ka ce na ɗan maƙwabta ne. Ba ta ce ɗana ba ko sau ɗaya. Yaron da muka taho da shi, haka take cewa. A bayanta ya baro gida, a hanya ya koyi tafiya, a Wadai ya fara ɗaukar gorar ruwa, a Sudan ya fara riƙe allo. Cikin jirgin katako zazzaɓi ya kama shi. Da suka sauka, Malam ya yaga masa ɗan ƙyalle ya ɗaura masa harami, yana ta murna shi ma ya zama alhaji. Ayarin da suke ciki ya wuce ya bar su, don yaron ba ya iya tafiya, Malam ne ke saɓa shi. A wannan kwari ya cika, da hantsi, saura yini guda su ga Ka’aba. Babu kowa sai su biyu. Malam ya haƙa da bakin fartanyar da ya taho da ita, a gindin wani itacen samur, wanda ya yi kama da farar ƙaya ta ƙasarmu. Ba likkafani, haraminsa aka naɗe shi da shi. Ita ce ta ɗebo ruwan taɓo daga rijiyar Shaihu Ubaidu. Da suka gama Malam ya karkaɗe hannu ya ce, mu tafi, rana na yi. Bayan Hajji kuma, wata safiya, ya ɗaure kaya ya kama hanyar nan, ta bi shi. Bai faɗa mata dalili ba, ba ta tambaya ba, har ya mutu ba su taɓa yin maganar ba.

Na ce, “Itacen fa?”

“Malam ya sare duk samur ɗin kwarin nan ya bar shi. Wata rana ya shiga gari, wani baƙo sabon zuwa ya ga itace mai kauri a tsaye, ya sare ya ƙona. Da Malam ya dawo ya tsaya ya duba, ya ce wa baƙon, sannu da aiki.”

“Bai yi masa magana ba?”

“Ya ce me? Ya ce wa ke ƙarƙashi?”

A nan na gane abin da ya sa Malam ya zaɓi tsakuwar ƙarshen makabarta. Na sunkuyar da kai, don ni na riƙe ɗaya bakin igiyar ranar da aka ja ta tsakaninsa da kututturen. Can na yi ƙarfin hali.

“Inna, mene ne sunansa?”

Ta ɗago ta dube ni kamar na tuɓe a gabanta. “Kai ma da bakinka?” in ji ta. Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki.

Washegari na sami Abdurrahim wajen injinsa. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce shi ba zai taɓa shuka a kan Musulmi ba, amma ƙasar ba tasa ba ce shi kaɗai, akwai ’yan’uwansa, kuma a wani kwari an yi musu haka: mutane suka tara duwatsu suka ce kaburbura ne don su riƙe fili. Kututturen nan kuma daidai inda babbar magudanar ruwa za ta bi ne. Don haka abu guda yake so. Wani na jinin mamacin ya tsaya a wurin gaban jama’a, ya rantse da Allah cewa wane ɗan wane na kwance a nan. Idan aka yi haka zai matsar da turke da hannunsa, kuma babu wanda zai ja da shi a gidansu.

“Wannan ai mai sauƙi ne, ya Harun,” in ji shi. “Ɗan’uwanka ne. Mene ne sunansa?”

Na ce zan zo masa da shi. Na juya da sauri don kada ya ga fuskata. Ga ni da Larabci, ga ni da agogo, ina nuna wa baƙi hanyar Jamra, amma ban san sunan wanda muka fito ciki ɗaya ba.

Na koma wajen Inna na faɗa mata sharaɗin. Ta ce ita ba ta da abin faɗa a gaban maza. Na ce to ta faɗa mini ni kaɗai. Ta ce Allah ya san sunansa. Na aika mahaifiyarku, ta dawo ta ce Inna ta juya mata baya. Na bi tsofaffin Tunga, babu wanda ya zo kafin a haife ni, babu wanda ya taɓa jin akwai kabari a wurin. Har ranar da za a fara haƙa harsashin katanga ta zo ba ni da komai a hannu.

Da safe aka taru. Ga magini da leburorinsa, ga tarakta a gefe tana jira, ga mazan Tunga kusan duka, har da surukina, kakanku na wajen uwa, mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ga kuma Baba Tanko, wani tsoho mutumin Haɗeja mai kiwon jakuna, abokin wasanmu Katsinawa, wanda bakinsa ba ya hutawa. Abdurrahim ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya jira, ya sake jira, sannan ya ce wa magini bismilla.

An sa diga ke nan muka hangi mace tana gangarowa daga wajen bukkoki, lulluɓe, tana dogara sanda. Ku sani, a Tunga mace ba ta kusantar makabarta, balle maza suna tsaye. Mutane suka buɗa mata hanya don ba su san abin da za su yi ba. Ta wuce ta gabanmu ba ta gaida kowa ba, ta je gefen kututturen ta wajen gabas, ta duba ƙasa kamar mai neman allura, ta ɗan matsa, sannan ta zauna. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka.

Abdurrahim ya je ya durƙusa nesa da ita, ya yi magana a hankali, ni ina fassarawa.

“Ya hajja, a nan yake?”

Ta gyaɗa kai.

“Allah ya ji ƙansa. Faɗa wa Harun sunansa ya rantse, mu gama, rana tana dukanki.”

Shiru. Ya sake tambaya. Shiru. Wani matashi cikin leburori ya ce da Larabci, wace irin uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba, sauran suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Magini ya tsawata musu, amma na riga na ji, kuma rabin mutanen Tunga suna jin Larabci. Na ce wa Abdurrahim ta sani, faɗa ne ba za ta iya ba, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari.

“Haramun ne a mazhabarku?”

Na ce a’a.

“Makaruhi ne?”

Na ce a’a, kunya ce kawai.

“Kunyar me? Wani abin kunya ya yi? Ka ce mini yaro ne ƙarami.”

Ba da izgili ya tambaya ba, da gaske yake son ya gane. Duk Larabcin da nake taƙama da shi bai ɗauki wannan ba. Ina jin kunyar Larabawa suna kallon uwata a ƙasa kamar mabaraciya, ina jin kunyar mutanenmu suna kallona ina tallan al’adarmu ba mai saye. Na ga Abdurrahim ya dubi magini, irin duban da ke cewa tsohuwa ce, a bi ta a hankali, a ɗauke ta.

Baba Tanko ne ya matso, yana jan ƙafa, ya tsaya a kanta.

“Ke Bakatsiniya, an ce kunya gare ku ba tsoro ba. To yau kunyar taku za ta sa a shuka kankana a kan mutum, mu saya mu sha. Ni dai ba zan sha ba, sai dai in ba jakina.”

Ba wanda ya yi dariya. Amma na ga mayafin ya motsa. Hannunta ya fito ta yafito ni. Na durƙusa kusa da ita har ina jin numfashinta.

“Ranar sunan Angona,” in ji ta, “ka tuna na kwanta da ciwon kai?”

Na ce na tuna, har ba ta ci naman suna ba.

“Ba ciwon kai ba ne. Malam mayar masa da sunan ya yi.”

Sunan da na yi kwanaki ina nema gida-gida, ashe yana cikin ɗakina, kullum ina jin yara suna kiransa a waje. Kuma shi ne suna guda a duniya da ni ma bakina ba ya faɗa. Baba Tanko yana kusa, ya ji. Ya fara wata ’yar dariya ya fasa, ya share ido da bakin rawani.

“Ikon Allah. Gida guda, bebaye biyu. Tashi, Haruna, bari ni in faɗa musu. Mu Haɗejawa ba mu da wannan ciwon.”

Na fassara wa Abdurrahim cewa tsohon nan zai faɗi sunan a madadina. Ya girgiza kai.

“Shi ba jininsa ba ne, kuma bai gani ba. Abin da na yi wa ’yan’uwana alkawari ke nan. Kai ne waliyyinsa, ya Harun. Kalma ɗaya ce.”

Kalma ɗaya ce a wurinsa. Na miƙe. Na dubi jama’a, idona ya faɗa kan surukina, ya sunkuyar da kai tun kafin in yi magana, don ya gane. Na dubi kabarin Malam a cikin igiya, mutumin da ya ce wa mai sare itacen nan sannu da aiki. Na yi tunanin shi ya riƙe tasa kunyar har kabari, bai zubar ba, ni kuma ga ni zan zubar da tawa a gaban leburori. Sai na dubi tarakta. Na fuskanci alƙibla na ɗaga hannu. Ta gefen ido na ga Inna ta cusa yatsu cikin kunnuwanta ta ƙarƙashin mayafi.

Na rantse da Allah wanda babu abin bautawa sai shi, na faɗi sunan, na faɗi na Malam a bayansa. Ƙasa-ƙasa na faɗa, magini ya ce bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, har dutse ya amsa.

Abdurrahim ya ce, Allah ya ji ƙansa. Ya je ya tuge turke da hannunsa, ya zagayo da igiya ta bayan Inna, ya bar fili mai ɗan faɗi, ya kafa. Magini ya yi ƙorafi cewa katanga za ta karkace, ya ce a bar ta ta karkace. Da zai wuce ya dafa kafaɗata ya ce mahaifinsa ya sha mamakin abin da ya zaunar da malami kamar Malam a wannan kwari. Inna ta miƙe da kanta, ba ta yarda kowa ya kama ta ba, ta koma yadda ta zo. Mutanenmu suka watse ba wanda ya dube ni.

Na biya kuɗin wannan safiya, ba da riyal ba. Surukina ya yi wata da watanni idan ya hango ni sai ya sake hanya, don ya rage mini nauyi, wanda hakan ya fi zagi ciwo. Mata a bakin rijiya suka sa mini suna Mai-shela. Baba Tanko kuwa har ya mutu, duk inda ya gan ni cikin mutane sai ya ce, Haruna, na manta sunan yaron nan naka, tuna mini. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Mai nauyin shi ne na Inna. Da yamma ran nan ta ci tuwo, ta ci sosai. Da ta gama tana son in miƙo mata buta, sai na ji ta ce, “Kai wannan, ba ni ruwa.” Na waiga in ga da wa take. Da ni take. Daga ranar har ta bar duniya, shekara da shekaru, Inna ba ta sake cewa Haruna ba. Idan na shigo sai ta ja mayafi, idan na yi ciwo sai ta aiko a tambaya, ba ta zuwa da kanta. Ban sani ba ko nauyina take ji don na ga abin da ta ɓoye, ko kuwa ta ɗauke ni ne ta sa a gurbin wancan. Ban tambaya ba. Na dai san na yi kewar sunana a bakinta fiye da yadda zan iya rubutawa.

Bayan haka Tunga ta riƙa raguwa. Gas ya kashe kasuwar gawayi, mutane suka koma Hindawiyya da sauran unguwanni, mu ma muka bi. Inna ta ƙi tashi, ta zauna da wata tsohuwa ’yar’uwarta a bukkar Malam. Da ta rasu ba ta bar wasiyyar wuri ba, ba za ta iya ba. Ni na nuna wa masu haƙa. Filin da Abdurrahim ya bari ya ɗauki mutum biyu daidai. Yau babu bukka ko ɗaya a kwarin, masallacin kirare ya zama ƙasa, gonar ma ta sake hannu. Katangar ce kaɗai a tsaye da gwiwarta.

To kun ji. Kada wanda ya sake cewa kakarku ta taɓu, kuma ku gyara wa matanku. Idan kun je ziyara kada ku tsaya a bakin ƙofa ku yi addu’a ku juya kamar yadda kuka saba. Ku gangara har ƙasa, ku wuce Malam, ku shiga gwiwar nan. Akwai duwatsu biyu, ni na sa su. Na dama Inna ce. Na hagu baffanku ne, wanda ya riga kowa zuwa Tunga, ya rasu da haraminsa. Ku kira shi da sunansa ku yi masa sallama, don ya daɗe ba a kira shi ba. Ni na faɗa ranar nan a gaban jama’a, ba kuwa zan ƙara ba, ko da alƙalami. Wanda bai sani ba a cikinku ya tambayi Babba yadda aka raɗa masa.

Allah ya ji ƙansu, ya rufa mana asiri ranar da za a kira kowa da sunansa.